Takardar kwana 90 a garin da aka yi mako 12 babu sabis



Tun da aka taso da maganar nan cewa ya kamata marubuci ya mallaki shafinsa na intanet, ya rage zaman haya a Facebook da Wattpad da rukunonin WhatsApp, nake son in sa baki. Ina tare da masu wannan ra'ayi. Wanda ya taɓa wayar gari ya tarar an rufe masa asusu da babi 60 a ciki ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kai. Sai dai a duk sharhin da aka yi, an yi maganar kuɗin suna, an yi maganar kyan fuskar shafi, an yi maganar masu satar littafi su mayar da shi PDF, amma ban ga wanda ya taɓo wani ɗan ƙaramin abu da ya taɓa kunyata ni a gaban mutanen da suka ba ni amana ba. Shi nake so mu tattauna yau, ko da kuwa wasu za su ce mun bar adabi mun shiga shagon masu gyaran kwamfuta.

Idan ka buɗe shafi a wayarka, za ka ga adireshin ya fara da https, wani lokaci da ɗan hoton kwaɗo a gefe. Abin da ke bayan wannan wata takardar shaida ce, masu sana'ar suna ce mata satifiket. Aikinta biyu. Tana shaida wa burauzarka cewa wannan shafin shi ne mai sunan da gaske, ba wani ne ya sa rigarsa ba, sannan da ita ake ƙulle saƙon da ke tafiya tsakaninka da shafin, yadda mai leƙe a hanya ba zai iya karantawa ba. Wasu hukumomi da burauzoji suka amince da su ne ke bayar da ita, kuma kamar lasisin tuƙi, tana da wa'adi. Ranar da wa'adin ya cika, burauza ba ta yi maka uzuri. Maimakon labarinka, gargaɗi mai karatu zai tarar cike da fuskar wayarsa, ana ce masa haɗin ba shi da tsaro, wataƙila ma wasu na ƙoƙarin sace bayanansa.

Sai abu na biyu. Shafin da ya fara samun jama'a yakan fara samun 'yan ɓarna, mafi yawansu ma ba mutane ba ne, manhajoji ne da ke yawo dare da rana suna taɓa ƙofofi su ji wacce ce ba a kulle ba. Saboda haka akan sa wa shafi katangar tsaro a gabansa. A da na'ura ce da ake saye a girke a ofis. Yanzu haya ake yi daga manyan kamfanonin da ke da kwamfutoci a faɗin duniya, abin da ake kira gajimare. Ku ɗauke ta kamar mai gadi a bakin ƙofar gari: duk baƙon da zai shiga sai ya bi ta wurinsa, ya duba kayansa, ya mayar da wanda bai yarda da shi ba. To amma kayan a ƙulle suke zuwa. Domin mai gadin ya iya buɗewa ya duba, dole shi ma ya riƙe takardar shaidar shafin da makullinta. Ke nan takarda ta zama a wuri biyu, ɗaya a cikin gida inda shafin yake zaune, ɗaya a hannun mai gadi. Kuma ta hannun mai gadin ce baƙo yake gani.

A nan na faɗi.

A 2021 ni ne nake kula da wani ɗan shafi da mu 'yan tsiraru muka haɗa kuɗi muka buɗe domin sakin gajerun labarai da littattafai babi-babi. Ina zaune a Talata Mafara, sauran suna Gusau, Bakura, Kano, ɗaya ma a Maraɗi. Takardarmu ta Let's Encrypt ce, wadda ake bayarwa kyauta tun ƙarshen 2015, mai wa'adin kwana 90. Na sa wata manhaja mai suna Certbot a kwamfutar da shafin ke kai, tana sabunta takardar da kanta idan saura kwana 30 ta ƙare. Ina ta jin kaina gwani. Abin da ban yi ba shi ne haɗa ta da katangar tsaron da muke haya. Wannan da hannu nake yi: in ɗauko sabuwar takarda daga ciki, in shiga asusun katangar, in liƙa. Aikin minti 15 ne, sau huɗu ko biyar a shekara, kuma na rubuta ranakun a bayan littafin da nake lissafin kuɗin ƙungiya. Me zai hana ni aikin minti 15?

Duk wanda yake Zamfara a wancan lokacin ya san abin da ya hana. Shekarar ta fara mana da ɗaukar 'yan matan makarantar Jangeɓe a watan Fabrairu. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashi ɗalibai fiye da 70 a makarantar sakandaren Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun. Ranar 3 ga Satumba hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. An ce mako biyu ne. An rufe kasuwannin mako-mako, har da tamu ta Talata da garin ya samo sunansa daga gare ta. Gusau ta samu sabis ranar 1 ga Oktoba, mu kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Ba na so a ɗauka ina gwada shafin labarai da abin da mutane suka gani a watannin nan; akwai waɗanda suka rasa 'yan uwa ba su samu labari ba sai bayan kwanaki. Lissafi kawai nake so ku yi tare da ni. Daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba kusan mako 12 ne. Takardar kwana 90 ce. Duk wanda yake sabuntawa da hannu daga yankinmu, in dai ba a jajibirin rufewar ya yi ba, takardarsa ta mutu kafin a buɗe.

Tamu a tsakiyar Oktoba ta mutu, ban sani ba. Na san dai ranar tana tafe, amma hankalina yana wani wuri, kuma na yaudari kaina da cewa ai gobe ko jibi za a saki layi. Sai da wata larura ta gida ta sa na shiga mota zuwa Sakkwato, muka wuce Lambar Bakura, muka wuce Tureta, kowa a motar ya riƙe waya a hannu kamar carbi. Da muka kusa birni wayoyin suka fara kuka gaba ɗaya. Cikin saƙonnin da suka zubo mini, fiye da rabi hoto ɗaya ne, hoton gargaɗin nan da sunan shafinmu a samansa.

Wadda abin ya fi shafa wata 'yar uwa ce da littafinta yake tsakiyar tashe a lokacin. Ta sa sauran babukan a kuɗi, mata da yawa sun tura mata ta banki, sun zo karantawa sai waya ta ce musu ana son sace musu bayanai. A rukunonin WhatsApp ba a tsaya binciken ma'anar satifiket ba. Cewa aka yi ta karɓi kuɗin mutane ta haɗa su da 'yan damfara. Saƙonta na ƙarshe gare ni gajere ne: "Malam, don Allah ka gaya mini abin da zan ce musu." Ya kwana 9 a hanya kafin ya iso ni.

Na zauna a shagon wani mai cajin waya na buɗe kwamfuta. Abin da na tarar ya fi komai ba ni haushi: sabuwar takarda tana nan a cikin gida, Certbot ta karɓo ta tun cikin Satumba, ranar da ya dace, ba ta jira sabis ɗin Mafara ba domin ita ba a Mafara take zaune ba. Wata guda tana jiran wanda zai miƙa ta ga mai gadi. Ɓangaren aikin da na bar wa inji ya tafi daidai, wanda na riƙe wa kaina shi ya karye. Minti 15 ɗin na yi, shafin ya dawo. Wasu daga masu karatun 'yar uwar nan ba su dawo ba.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin sakacina ni kaɗai, kuma akwai sakacin. Amma da na fara karanta yadda abin yake faruwa a wasu wurare, sai na ga masu ma'aikata dubbai ma a wannan ramin suke faɗawa. Ranar 6 ga Disamba 2018 wata takarda ta ƙare a cikin manhajar kamfanin Ericsson, miliyoyin masu layin O2 a Birtaniya suka yini babu data, masu SoftBank a Japan ma suka ɗanɗana. A watan Fabrairun 2020 Microsoft Teams ta tsaya na sa'o'i saboda an manta sabunta takarda. Wanda ya fi kama da namu shi ne na Amurka: lokacin da rikicin kasafin kuɗi ya rufe ma'aikatun gwamnatin tarayyarsu na kwana 35, daga Disamba 2018 zuwa Janairun 2019, takardun shafukan gwamnati fiye da 80 suka mutu, domin masu sabuntawa da hannu suna gida ba a bar su sun zo aiki ba. Su majalisa ce ta raba su da kwamfutocinsu, mu kuma katse layi.

Ga masu rubuta labaran kutse, ku da jaruminku yakan danna madannai sau uku ya fasa banki, ina ba ku labarin Equifax, kamfanin Amurka da ke tara bayanan bashin jama'a. A 2017 ɓarayi sun shiga ta wata ɓaraka a manhajar da ba a yi wa gyara a kan lokaci ba. Kamfanin yana da na'urar da aikinta shi ne ta buɗe saƙonnin da ke shige da fice ta duba, wato irin mai gadin da na faɗa. Takardar wannan na'ura ta mutu watanni da dama kafin nan, saboda haka tana tsaye a bakin ƙofa amma ba ta ganin komai. Ɓarayin sun yi kwana 76 suna jidar kaya. A ƙarshen Yuli wani ya sabunta takardar, nan take aka ga abin da ke fita. Kafin lokacin bayanan mutum kusan miliyan 147 sun tafi. Idan ni ne ke rubuta wannan a matsayin labari, ma'aikacin da ya sabunta takardar nan ya ɗago kai ya kalli allo shi zan sa a babin farko.

Ra'ayina a taƙaice shi ne a daina ba mutum wannan aikin. A ba manhaja, daga farkonsa har ƙarshensa, kuma mu da muke zaune inda wuta da layi da hanya duk za su iya yankewa a mako ɗaya mun fi na Legas da na Landan buƙatar hakan. Yadda abin ke tafiya ba shi da wani sihiri. Akwai wata ƙa'ida mai suna ACME, wadda aka tabbatar a matsayin ma'auni a 2019. Manhajarka za ta ce wa hukumar takarda tana son sabuwa. Hukumar za ta ba ta wata 'yar alama ta ce ta ajiye a cikin shafin ko a rajistar sunansa, domin ta tabbatar mai gidan ne ke magana. Idan ta leƙa ta ga alamar, sai ta saki takarda. Matakin da na tsallake shi ne na gaba: manyan masu ba da hayar katanga suna da ƙofar da manhaja ke magana da manhaja, wadda ake kira API, kuma ta nan ake umartar Certbot ko makamanciyarta cewa duk lokacin da sabuwa ta fito ta miƙa wa mai gadi da kanta. Wanda bai son wannan wahala ma yana iya zaɓar inda katangar ke nemo takardarta da kanta. Cloudflare na yin haka kyauta tun 2014, Amazon ma yana sabunta takardun da ya bayar ga masu amfani da katangarsa.

Ko wanda ya fi ni tuna rana, lokacinsa ya kusa ƙarewa. A da takarda takan kai shekara uku. A 2018 aka rage zuwa kwana 825, a Satumban 2020 aka mayar 398. A watan Afrilun 2025 majalisar da ta haɗa hukumomin takarda da masu burauza ta amince da shawarar da Apple ya gabatar: kwana 200 daga 15 ga Maris 2026, kwana 100 daga Maris 2027, kwana 47 daga Maris 2029. Hujjarsu ita ce idan aka sace makulli, gajeren wa'adi ke rage kwanakin da ɓarawo zai ci moriyarsa. Kwana 47 na nufin kusan sau 8 a shekara. A cikin sau 8 ɗin nan akwai makon biki, akwai makon jinya, akwai goman ƙarshe na azumi. Kuma tun watan Yunin 2025 Let's Encrypt ta daina aiko da wasiƙar tunatarwa da wasunmu suka dogara da ita.

Na san abin da mutumin Bakura ko Maradun zai ce mini, domin wani dattijo manomi ya taɓa faɗa mini shi a wata magana daban: mun ga abin da dogaro da inji ya yi a Bakolori. Gaskiya ne. Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar a 1978, aka tsara shayar da kimanin hekta 23,000. Kusan 15,000 daga ciki da bututun feshi aka ce za a shayar, sauran 8,000 kuma ta magudanan da ruwa ke gangarowa da kansa. Na feshin, wanda ake nuna wa baƙi a matsayin zamani, shi ya mutu. Na gangara shi ne ya ci gaba da ciyar da mutane da shinkafa, har aikin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa ya zo yana mayar da wani ɓangare na tsohon filin feshi zuwa gangara. Amma ni darasin da nake ɗauka ya sha bamban da na dattijon. Na feshin ya mutu ne domin kullum yana jiran wani: mai kunna famfo, mai kawo wuta, mai sa hannu a takardar sayo kayan gyara daga ƙasar waje. Sunansa inji, amma a kan wuyan mutane yake tafiya. Magudanar gangara ita ce ke aiki ko an zo ko ba a zo ba. Tsarina na 2021, da kwamfutarsa da asusunsa na gajimare, na feshi ne, kuma ni ne famfon.

Sai dai magudanar gangara ma tana cika da yashi da ciyawa idan ƙungiyar manoma ba ta fito yasa ba, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa ka kunna ka manta. Manhaja na iya tsayawa shiru ba ta gaya wa kowa ba: an canza kalmar sirri, ko an taɓa rajistar suna, ko katangar da kanta ta tare alamar da hukumar ke zuwa dubawa, tana zaton ɗan ɓarna ne. Don haka ake sa wani mai leƙe daga waje, manhajar da ke buɗe shafin kullum kamar baƙo, ta ƙirga kwanakin da suka rage, ta aika saƙo idan sun yi ƙasa. Kuma saƙon ya tafi wurin mutum biyu aƙalla, waɗanda ba gari ɗaya suke ba. Da namu na Kano yana da ikon shiga asusun a 2021, da wannan rubutun bai samu abin faɗa ba. Ban ba shi ba ne domin ina jin daɗin a ce ni kaɗai na iya.

Akwai kuma farashin da ya kamata a faɗa wa mutane gaskiyarsa. Mai gadin da ke buɗe kaya yana ganin kayan. Duk abin da mai karatu ya rubuta a shafinka, lambar waya ce ko kalmar sirri, yana bi ta kwamfutocin kamfanin katangar a buɗe kafin a sake ƙulle shi. Ga shafin labarai na yarda da wannan ciniki, domin abin da katangar ke tarewa ya fi abin da nake tsoro. Ga wanda ke rubuta abin da zai iya jefa wani cikin haɗari, kamar mai tattara shaidar mutanen ƙauyukan da aka kai wa hari, sai ya yi tunani sau biyu kan abin da yake karɓa ta shafin tun farko. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sannan maganar suna da kuɗi. Da yawanku wani matashi ne zai haɗa muku shafin, wataƙila ɗan'uwa da ya gama Kwalejin Abdu Gusau, kuma babu laifi, yaranmu sun iya. Amma ku zauna tare da shi ranar da zai buɗe asusun, a buɗe da imel ɗinku, ba nasa ba. Shekara biyu masu zuwa yana hidimar ƙasa a Ebonyi ya canza layi. Takarda tana sabunta kanta kyauta, sunan shafi kuwa ba ya yi sai an biya, kuma mun ga shekarun da bankuna da dama suka hana katin naira biyan dala a intanet, tun daga 2022. Sunan da ya ƙare da .ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, da naira ake biyansa ta hannun dillalai na cikin gida. Ni a kansa na koma, ko da abokai na cewa .com ya fi kwarjini.

Idan wanda zai haɗa muku shafi ya kawo farashi, ku tambaye shi: idan ni da kai muka yi wata uku ba mu taɓa intanet ba, me zai faru da shafin? Idan ya ce zai riƙa lura, ku sake tambayarsa.

Masu shafi a cikinmu kuma, ku buɗe shi yanzu a Chrome, ku taɓa 'yar alamar da ke gefen adireshi, ku shiga bayanin takardar, za ku ga ranar da aka ba da ita da ranar da za ta ƙare. Idan ta kwana 90 ce kuma kwanakin da suka rage ba su kai 20 ba, akwai alamar wani abu ya tsaya a hanya. Wanda ya ga haka ya ajiye hoton a wurin sharhi, ya rufe abin da bai kamata a gani ba, mu duba tare bayan Isha'i.